Ciwon Manya

"Babu suga a jininka, Baba," in ji ma'aikacin asibitin. "Haka awon nan yake ga wanda ke bakin gaɓa. Ka sha ruwan sugan yau ya ce akwai, wani watan ya ce babu."

Maigidan ya miƙe kamar an zage shi. "A sake aunawa!"

Daga bakin ƙofa matarsa ta taɓe baki. Tun awon farko, da aka ce ya kusa kamuwa da ciwon suga, ya rataye fartanya ya tare a gindin darbejiya, yana shaida wa duk mai wucewa cewa ciwon manya ya same shi, irin na alhazan Bici. A shekarar da gero ya gagari kowa, shi sai tuwon alkama. Ita da yara suka yi noma, suka kwana da kwaɗon rama. Akuyarta tilo ta tafi kasuwa, ta dawo alkama a buhu.

A hanyar gida ya rage murya. "Kada kowa ya ji. Na'urarsu ce ta lalace."

"To, Malam."

Da la'asar ya baje a tabarma. Ta durƙusa ta ajiye masa akushi a rufe, yadda ta saba. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ɗaga faifai.

Igiyar akuyar ce, a naɗe tsaf.

"Ci ka ƙoshi, Malam," ta ce. "Babu suga a ciki."