Ranar da Baba Ya Cire Hula

Ina firamare na gano wata waƙar rok ta Japan, jitarta kamar ana tsaga kwanon rufi. A wani shagon shayi a Kampung Baru, unguwarmu a ƙasar waje, na miƙa wa Baba hedifon ɗina, ina jiran faɗa, don ba ya son kiɗa.

Sai ya cire hularsa, abin da bai taɓa yi a waje ba, ya saka hedifon ɗin.

"Ƙaro sautin, Ummi," ya ce.

Na ƙure masa. Kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka kiɗan yake bi, har ina tafi. Ba a gaya min ba cewa a lokacin ake binne mahaifiyarsa, wadda na ci sunanta, a Kano.

Har yau ban iya jin waƙar nan zuwa ƙarshe.