Kujerar Bakin Taga

Ƙarfe tara da rabi na kowace safiya Dulcie take shigowa kantin littattafai na Wattle & Page da ke titin Sturt a garin Ballarat, ta zarce kujerar nan mai laushi ta bakin taga. Tsohuwa ce 'yar firit, ta ba saba'in baya. In ta wuce littafin da wani ya mayar a juye, hannunta kan gyara shi ba tare da ta ko kalle shi ba.

Glenn Pascoe, manajan reshen, ji yake da ita kamar ya goya ta. Yana da dalili. Hedikwata ta ba shi wa'adi zuwa Kirsimeti: ko ciniki ya farfaɗo, ko a rufe reshen, shi da ma'aikata goma sha ɗaya su kama gabansu. Jama'a sun koma karatu a waya, amma Glenn bai karaya ba. A ganinsa babban kanti yana da abin da waya ba ta da shi: sanyin na'ura a zafin Disamba, da yake a ƙasar nan lokacin ne ake bazara, ƙamshin kofi da sabuwar takarda, intanet kyauta, kuma ba mai tsare ka da ido. Da waɗannan kamfanin ya cinye garin shekara ashirin da suka wuce. Ɗan shagon littattafan da ke tsallaken titi a lamba 41 ko wata goma bai yi ba ya rufe, yanzu farce ake gyarawa a ciki. Glenn yana makaranta a lokacin, amma yadda yake ba da labarin sai ka rantse shi ya sa wa shagon kwaɗo.

To, Dulcie ta cika masa kanti. Ta kawo ƙawayenta na coci, su kuma suka jawo mazajensu da surukansu. Takan zaga da mutum kanta-kanta, ta ji abin da yake so, ta ciro masa littafin da ba zai iya ajiyewa ba. Daga nan sai su koma kujerarta su haɗa kai a kan waya, ta zaro wani ɗan kati da ya yi jawur don tsufa, ta yi rubutu a bayansa ta ba shi. Kowa da murmushi yake fita.

Sharon mai karɓar kuɗi ce kaɗai ba ta murna.

"Glenn, kanti maƙil, ni kuma hamma har ta ishe ni. Ka taɓa ganin ɗayansu ya iso gabana?"

"Ke dai Sharon, ba ki da haƙuri. Ɗanɗanawa suke yi. Bari Kirsimeti ta zo ki ga layi."

Ya sa aka riƙa ba Dulcie kofi kyauta. Ya liƙa takarda a kujerar, kada kowa ya zauna mata.

Kirsimeti ta zo ta wuce, layi bai zo ba. Ranar da za a rufe, Glenn ya tsaya tsakanin kantocin da aka kwashe. Dulcie ta shigo a kan lokacinta, riƙe da faranti na kek mai kwakwa, ta dafa masa hannu.

"Ɗana, ka fara da sauke allon suna. Shi ya fi ciwo, sauran duk kwali ne."

Ya yi mata godiya har da hawaye. Ta ɗan tsaya a bakin tagar tana kallon tsallaken titi, sannan ta fita.

Da masu kwasar kaya suka ɗaga kujerar, kati ɗaya ya faɗo daga ƙarƙashin matashi. Glenn ya ɗauka. Da kyakkyawan rubutu an jero matakai huɗu na yadda mutum zai ari kowane littafi kyauta a wayarsa daga laburaren gari, kuma an ja layi a ƙarƙashin shawarar ƙarshe: a zo nan a zaɓa, intanet ɗinsu yana da sauri.

Ya juya katin. Bugun ya koɗe, amma yana karantuwa: Shagon Littattafan Dulcie, lamba 41, titin Sturt.