Jirgin da Ya Biyo ta Ƙofar Gida

"Iska ta yi ƙarfi, ba za mu tsaya a Korfu ba," in ji murya ta lasifika. "Kotor za mu ya da zango."

Ƙanwata ta tuntsire da dariya. "Yaya, mun fito ganin duniya, ga shi za a mai da mu garinmu!"

Ni ban yi dariya ba. Tun da muka hau jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa, na kamfanin da ko sunansa ba mu taɓa ji ba, na kasa zama wuri ɗaya. Ga abinci iri-iri, amma ko taɓa shi ba na yi. Hankalina na kan mijina, wanda tun da aka yi masa aikin ƙugu ya ce ba ya iya sauka matakala. Ni ke kai masa kofi har gado, ni ke sa masa safa. Ranar tafiyata bango ya fuskanta, ya ce, "Je ki. In kin dawo kin same ni da rai, to."

Kafin jirgi ya gama tsayawa na haɗa jakata. Sauka zan yi, yawon ya ishe ni.

Daga saman jirgi na hango mijina a bakin gaɓa. Yana tsaye ƙyam cikin farar rigarsa ta zuwa coci, ba sanda, yana ɗaga wa baƙi hula, har da raka wasu mata biyu hanyar kasuwa.

"Yaya, ga layin masu sauka can."

Na dire jakar. "Ni kam, yaushe kika ce ake fara rawa a jirgin nan?"