Idon Noelene

Sau uku Noelene Treloar tana wuce ƙofar shagon gwanjon coci da kwanon kek a hannu, ta kasa shiga. A na huɗu ta tsaya gaban kantin magani na maƙwabta, tana yi kamar tana karanta tallan maganin tari.

Shekara goma sha ɗaya tana shiga shagon nan duk Alhamis da ƙarfe tara, kafin kowa. A garinsu Warrnambool, duk mai sha'awar tsohon tangaran ɗin Japan ya san ta. Kofunan shayi take tarawa, marasa kauri kamar ɓawon ƙwai, irin waɗanda aka yi ta fitarwa ƙasashen waje bayan yaƙin duniya na biyu: masu zanen dodo a jiki, da masu fuskar mace a gindi wadda ba a ganinta sai an ɗaga kofin ga haske. Wasu har Melbourne suke zuwa su yi ta kokawa a kansu a gidajen gwanjo. Ita kuwa durƙusawa kawai take yi gaban kantar ƙasa, ta tura hannu bayan tsofaffin kwanukan roba, ta zaro abin da ƙungiyar masu tara tangaran za ta yi wata guda tana zancensa.

"Ido ne," take ce wa matan ƙungiyar. "Ko kina da shi, ko ba ki da shi."

In tana son misalin marar ido, maigidanta Merv take nunawa, tsohon direban jirgin ƙasa da ya yi ritaya. "Wannan? Ku ba shi shayi a gwangwanin madara, ba zai san an canza ba. Kifin ma da yake fita kamu duk Laraba, labarinsa kawai muke ci." A yi dariya, shi ma ya yi, ya ɗauki hularsa ya koma lambu.

Da hunturun ƙasar ya shigo wajen watan Mayu, kantar ta bushe. Alhamis tara a jere Noelene tana durƙusawa, tana tashi da ƙura a gwiwa. Ana cikin haka sai Beryl Oakes, abokiyar gasarta a ƙungiya, ta zo taro da butar shayi mai ruwan zinariya, ta ƙi faɗin inda ta samo ta. Beryl kuwa tare suke waƙa a coci da Dulcie, tsohuwar da ke tsaron shagon ba albashi.

Abin da Noelene ta yi washegari shi ne ya hana ta sakewa har yau. A gaban masu saye shida da matar fasto ta buga tebur, ta ce Dulcie tana ɓoye kayan kirki tana fitar wa ƙawayenta ta ƙofar baya. Ta kira ta ɓarauniya. Dulcie, mai shekara saba'in da tara, ta riƙe gefen tebur.

"Je ki gida, Noelene," abin da ta ce ke nan.

Kafin yamma Beryl ta bugo waya. Butar gadon gwaggonta ce daga Geelong, ga hoton bikin aure ma da butar a kan tebur, in ana so a gani.

Mako biyu Noelene ba ta bi babban titi ba. Cefane ma a wancan ƙarshen gari take yi. Ta ce wa kanta gajiya ce ta jawo, don tun watan Mayu Merv yake kwance a gidan jinya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta ɗauke. Da ta zauna gefen gadonsa ta faɗa masa abin da ta aikata, sai ya yi ta ƙoƙarin ɗaga hannun hagu, hawaye yana gangarowa cikin kunnensa. Ta sunkuyar da kai. Har wanda ba ya magana ya ji mata kunya.

Yanzu ta bar gaban kantin maganin, ta tura ƙofar shagon. Dulcie tana ninke rigunan sanyi, ba kowa sai ita.

"Yaya Dulcie, na zo ne..." Ta ajiye kwanon a gabanta. "Bakina ya yi ɓarna. Ranar Lahadi zan tashi a coci in faɗa a gaban kowa."

Dulcie ta buɗe kwanon, ta leƙa. "Ya ƙone a gefe."

"Ya ƙone."

"To zauna, mu ci tsakiyar."

Suka ci. Can Noelene ta ce, "Me ya sa ba ki kare kanki ba? Ai da ni ce, sai na tara wa kaina jama'a."

"Alkawari na ɗauka."

"Wa kika yi wa, mai kawo kayan? In kayan gidansu sun ƙare ne, ba komai. Ki faɗa min ko su wane ne, in je in yi godiya. Shekara goma sha ɗaya ina cin arzikinsu ban taɓa tambaya ba."

Dulcie ta kakkaɓe garin kek daga cinyarta. "Me likita ya ce game da maigidan naki?"

"Ba sa sa ran zai sake magana."

Tsohuwar ta rufe kwanon.

"To shi ba zai iya faɗa ba, ni kuma na tsufa da riƙon sirri," ta ce. "Babu wanda ya taɓa kawo mana tangaran ɗin Japan sadaka, ƙanwata. Merv ne duk Laraba yake bin jirgin safe zuwa Melbourne ya zaɓo su ɗaya bayan ɗaya, ya iso nan kafin in rufe, ya durƙusa da kansa ya ɓoye su inda ya san hannunki zai kai."