Sakamakon Ran Laraba

Kwana uku ke nan mutanen Kornaka ba ruwa, ga mota na jira ta kai musu allon pompo. Injiniya Haula ta gwada zanenta na allon lantarki na pompon sola cikin ordinata, wato kwamfuta, manhajar da ta rubuta ta ɗauko sakamako: lafiya lau.

"Ka gani?" ta ce wa Samba, ƙaraminta a aiki. "Shi ya sa ban ko duba naka ba ran Laraba."

Samba, kun san shi da kunya, a hankali ya ce, "Yaya, dubi kwanan watan."

Ashe tsohon sakamako manhajar ke karantawa, na zanen Samba. Da ta buɗe sakamakon nata zanen, sai ta ga wutar ta isa ta ƙone pompon.

"Ina allonka?"

"Inda kika jefa shi, Yaya."