Sunan da ke Ƙarƙashin Nasa

"Kullum da sunan mace a ƙarƙashin na mijinki," in ji Ragnhild, maƙwabciyar Gunvor. "Hau ki gani."

Shekara uku rabon Gunvor da dutsen bakin tekun saboda ciwon gwiwa. Ranar ta hau, tana dogara sanda, zuciya na tafasa. A can sama akwai littafin da masu hawa ke sa hannu, matar da ta fi yawan zuwa a shekara ita ke cin kofin gasar.

Ta buɗe. Torleif, ƙarƙashinsa Gunvor. Kowane shafi haka, da karkataccen rubutun mijinta.

Ragnhild ta iso tana haki. "Kin gani ko? Kina kwance a gida, kin wuce ni da hawa goma sha ɗaya."

Gunvor ta ɗauki alƙalami.

"Sha biyu," ta ce.