Injiniyan Sola da Albasar Matan Fadama

Matso kusa, Zulaihatu 'yata. Kin ce kin gaji da wallafa rubutu a dandalin nan na ma'aikata da masu sana'a, ba mai tanka miki. To bari in ba ki labarin wani mutum da na sani, don ni har yau in na tuna shi sai daɗi ya kama ni.

Injiniya ne, gwanin haɗa famfon ban ruwa mai aiki da sola. Ana gab da shiga noman rani kamfanin da yake wa aiki ya rufe, ga mata, ga 'ya'ya, ga tsohuwa a gida. Sai ya ce bari ya nemi aiki ta dandalin. Ya aro kwat, aka ɗauke shi hoto ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya jera takardun shaidarsa, ya shiga rubuta irin maganar manya: wai yana farin cikin sanar da jama'a kaza, wai shi ƙwararre ne a fannin kaza. Kullum da safe ya wallafa, ya koma gefe ya zuba ido. Shiru kamar an shuka dusa. Mutum ɗaya ne ke danna masa alamar so, ƙanin matarsa, shi ma don kara. Shi kuwa bai taɓa leƙa rubutun wani ba, balle ya ce masa sannu da aiki.

Ran nan yana zaune a rumfar mai shayi, yana ta jan fuskar waya da yatsa don rage ɓacin rai, sai ya ci karo da rubutun wata mata, shugabar ƙungiyar mata manoman albasa a wata fadama ta wajen Haɗejia. Ba ado ba ƙawa, hoton albasa ne ta fara langaɓewa, a ƙasa ta rubuta: “Jama'a, famfonmu na sola yana aiki da safe lafiya lau, amma rana na take tsaka sai ya ɗauke. Albasarmu na mutuwa. Wa ya san maganin wannan?” Masu wucewa sai Allah ya kyauta suke rubutawa su yi gaba. Shi kuwa sai ya manta da shayin da ke gabansa. Ya gaishe ta, ya tambayi zurfin rijiyar da inda aka rataye famfon a ciki. Da ta ba shi amsa ya rubuta: “Hajiya, famfonku lafiyarsa ƙalau. Da tsakar rana ƙarfinsa ke kai maƙura, sai ya zuƙe ruwan fiye da yadda rijiyar ke kawowa, ya kashe kansa don kada ya ƙone. Ku rage masa gudu, ku ƙara zura shi ƙasa kaɗan.”

Kai, Zulaihatu, ina ma kin ga abin da ya biyo baya! Washegari matar nan ta wallafa bidiyo: rana tsaka, ruwa na ambaliya daga bakin tiyo, yana bin kwalbati yana shiga kunyoyi, mata sun ɗaure ɗamara suna rangaɗa guɗa. Ta ambaci sunansa ɓaro-ɓaro, ta ce, “Ga ɗan albarkar da ya ceci albasarmu, bai san mu ba, bai nemi komai ba.” Nan fa wayarsa ta kama ruri. Mai kiwon kifi na tambaya, mai gonar tumatir na tambaya, wani shugaban makarantar kwana na kuka da rijiyar ɗalibansa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana amsawa, kowa da sunansa. Abin da bai sani ba ya ce bai sani ba, ya kira wani injiniyan cikin maganar, shi ma ya shigo da tasa jama'ar.

Daga nan rubutunsa ma ya sake kama. Ya daina buɗewa da kansa, sai ya buɗe da abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya: “Famfonka na tsayawa da rana? Kada ka zagi wanda ya sayar maka tukuna.” Ya ba da labarin gona ɗaya, ya faɗi dabara ɗaya, ya rufe da tambayar yadda abin yake a wajensu. Kuma kafin ya wallafa nasa, sai ya zaga shafukan mutane tukuna, ya taya wannan murna, ya yi wa wancan ƙarin bayani. Ashe cikin masu karantawa akwai wani dattijo mai kula da wani babban shirin noman rani, wanda bai taɓa cewa uffan ba, yana dai kallon yadda mutumin nan ke amsa wa ƙarami da babba. Shi ne ya kira shi ya damƙa masa aikin kafa famfuna a ƙauyukan wani yanki gaba ɗaya. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ya koma ya kwaso abokan aikinsa na dā da ke zaune a gida. Lokacin cirar albasa kuwa, sai ga mota a ƙofar gidansa, matan fadama sun aiko da buhu shaƙe, har tsohuwarsa ta wuni tana rabo a unguwa tana sa albarka.

Kin ga kenan, 'yata, ba a banza Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take ba.